Sandar Ajiya ta Don Arcesio

Nohemí ta shigo shagon sinuka na bakin dandali ɗauke da tiren wainar masara, ta tarar gardama ta yi nisa. Wani baƙo mai sabuwar malfa yana mirgina sanda a kan koren tebur, ya ƙanƙance ido ɗaya, maƙwabcinta Don Arcesio kuma yana tsaye a kansa, jijiyoyin wuya duk sun tashi.

Baƙon, Wilmar sunansa, daga Pereira ya yi tattaki. Tara tsofaffin sandunan sinuka ne abin sha'awarsa, kuma ya ji labarin wannan. Baƙar sanda ce mai zoben azurfa a gindi, wadda Don Arcesio ya ciyo a wata gasa a Manizales tun yana direban motar jif, yana sauko da buhunan kofi daga gonakin kan dutse. Shekara arba'in tana kwance cikin jakar fata a saman kabad. Ba ya wasa da ita, ya ce ba ta cika masa hannu ba, yana da tasa mai nauyi da suka tsufa tare. Yanzu ga baƙo yana cewa ta ɗan tanƙware, tun da sau uku dattijon ya gwada da ita yana kuskure.

"Sandar ce ta tanƙware ko idon mai saye?" in ji Don Arcesio. "Wannan ko mai waina aka miƙa wa sai ta jefa ƙwallo a rami. Maƙwabciya, ajiye tiren nan ki nuna masa."

Wasa yake yi. Kowa ya yi dariya, har da Don Gildardo, tsohon wanzamin gari, wanda ya rantse tun tuni ba zai ƙara dariyar maganar Arcesio ba saboda hamayyar da ke tsakaninsu a kan wannan tebur.

Nohemí ta ajiye tiren. Shekararta hamsin da takwas, mijinta ya rasu shekara shida ke nan, kuma duk garin Salamina ba wanda ya san ta da wani abu ban da murhun gawayi da wainar masara. Ba su san cewa mahaifinta ya riƙe shagon sinuka a Pácora ba, inda take share tebur tun tana taka akwatin lemo kafin hannunta ya kai. Ranar da aka ɗaura mata aure mijinta ya ce ba ya son matarsa a wajen zaman maza, ita kuwa ba ta ƙara taɓa sanda ba. Kullum tana shigowa shagon nan da tire, tana ganin kuskuren 'yan wasa da wutsiyar ido, ta haɗiye maganarta ta fita.

Ta goge hannu a jikin zaninta na aiki, ta karɓi sandar. Ta ji ta zauna mata a hannu kamar da ita aka auna. Ta sunkuya, ta kafa yatsu, ta buga. Jar ƙwallo ta faɗa ramin kusurwa ba tare da ta taɓa gefe ba.

Wani ya ce sa'a ce. Ta zagaya ta jefa ta biyu. Ta uku sai da farar ƙwallo ta daki bangon tebur ta dawo kafin ta ture ta. Kafin ta kai ta biyar dariya ta ɗauke, mai shago ya bar kofi yana zuba a ƙasa, Don Gildardo ya miƙe tsaye da gilashinsa a hannu. Da ta ɗago sai ta ji kunya ta rufe ta, zuciyarta kuma na bugawa kamar ta yarinyar da ta yi gudu.

Don Arcesio ya kalle ta baki buɗe. Sai ya juya wajen baƙo.

"To, mai gida, ka ga tanƙwarar?"

Wilmar ya yi dariya ya ce ya janye maganarsa, a faɗi farashi a gama. Dattijon ya mayar da sandar cikin jaka ya rungume ta, ya ce yana buƙatar ya yi shawara da matashin kansa. Baƙon ya rubuta lambar waya ya tafi.

Shawarar ba ta kuɗi ba ce, Nohemí ta san haka, don katanga ɗaya ce ta raba gidajensu shekara ashirin, kuma Don Arcesio ba ya iya waya a hankali. Likita ya ce zuciyarsa ta gaji. 'Yarsa Luz Dary, da ke aure a Cali, ta matsa ya rufe gida ya koma wajenta, ta ce ya fara rage kaya. Ya sayar da keken ɗinkin marigayiya matarsa, ya ba da akwatin kayan gyaran mota, kowane abu ya fita sai ya ce ya ƙara taku ɗaya zuwa Cali. Sandar ce ta rage. Ga kuma gasar 'yan biyu-biyu ta shekara ta matso, abokin wasansa ya riga ya bi nasa 'ya'yan zuwa Bogotá, shi ya sa bana bai sa suna ba.

Da azahar ya leƙo ta kan katanga, yana haki saboda tsabar murna, ya shaida mata ya rubuta sunansu.

"Sunan wa da wa?"

"Ni da ke mana. Giraldo da Betancur. Har ya fi daɗin faɗi a kan na da."

Ta ce ya haukace. Ta ce tana da murhu, tana da masu saye, tana da mutunci a coci. Ta tambaye shi me matan kasuwa za su ce. Ya saurare ta har ta gama, yana kaɗa kai kamar ya yarda, sannan ya ɗora jakar fatar a kan katanga.

"Aro ne fa, maƙwabciya. Ban yanke shawara ba tukuna. Ƙarfe biyu shago ba kowa."

Ƙarfe biyu saura minti biyar ta riga shi zuwa.

Daga ranar kwanakin suka soma gudu. Da asuba ta gasa waina, da hantsi ta kai wa masu saye, ƙarfe biyu tana kan tebur. Kwana uku na farko bayanta ya yi tsami har ba ta iya ɗaure takalmi, amma hannun bai manta ba. Don Arcesio ya zauna a kujera yana ba da umarni, ita kuma ta bi wanda ta ga dama. Sau da yawa ya faɗi hanya, ta bi wata, ƙwallo ta faɗa, ya buga cinya ya ce ai abin da yake shirin faɗi ke nan. Ya rage shekara goma a ido. Ya koma aske gemu kullum, yana hawa gangaren unguwarsu yana fito, ko da yake sai ya tsaya sau biyu ya dafa bango, wai yana duba fentin gidajen mutane.

Maganar sanda kuwa kullum da kalarta. Litinin ya ce zai sayar, don mutum ba ya wasa da sanda biyu. Talata ya ce ko an ba shi rabin Pereira ba zai sayar ba. Laraba Wilmar ya bugo waya ya ƙara tayi, dattijon ya wuni yana tambayarta ra'ayinta. Nohemí ta ce kayansa ne, ya yi yadda ya so. Ba ta faɗa masa cewa idan ta dawo gida takan ciro sandar ta goge ta da tsumma mai laushi ba tare da ta yi datti ba, ko cewa duk ya ambaci Wilmar sai ta ji wani abu ya tokare mata ƙirji. Ita kanta ta yi mamakin yadda ta ƙwallafa rai a kan abin aro.

Asabar ta farko suka fitar da wasu ma'aikatan gidan waya biyu cikin rabin awa. Labari ya bazu kasuwa. Asabar ta biyu matan da take tsoron bakinsu suka zo suka tsaya a ƙofar shago da kwandunansu, suna leƙe ta kan kafaɗun maza. Da ta jefa baƙar ƙwallo, mai sayar da furanni ta yi guɗa ta kutsa ciki, sauran suka biyo ta. Mai shago, da bai taɓa ganin mata fiye da ɗaya a lokaci guda a shagonsa ba, ya aika a aro kujeru daga gidan burodi.

Asabar ta uku, wasan kusa da na ƙarshe ya haɗa su da Don Gildardo da surukinsa. Tun ƙarfe uku shago ya cika, wasu sun hau taga, direbobin jif sun jera motoci a dandali sun bar fasinja suna jira. Don Gildardo ya zo da farar riga da gashin baki a gyare, ya gaishe ta da ladabi, sannan ya ce wa Arcesio bai san ya tsufa har sai an riƙe masa hannu ba.

"Kai ma nemi mai riƙe maka," in ji Don Arcesio. "Shekara arba'in kana faɗuwa kai kaɗai."

Suka ci ɗaya, aka ci su ɗaya, suka ci, aka rama. A wasa na biyar, na raba gardama, Don Arcesio ya yi kuskuren da bai saba ba, ya bar farar ƙwallo manne a bayan ta abokan hamayya. Surukin Gildardo ya buga bai samu ba, amma ya bar ta a wuri mafi muni. Baƙar ƙwallo tana can ɗaya ƙarshen, ba hanya kai tsaye. Shago ya yi tsit, ana jin ƙarar injin kofi.

Don Arcesio ya matso ya raɗa mata ta ɓoye fara kawai, kada ta yi kasada. Ta dube shi, ta dubi tebur. Ta tuna mahaifinta yana cewa bango ba ya ƙarya in ka tambaye shi da kyau. Ta sunkuya ta nufi gefen da ba kowa. Fara ta daki bango ɗaya, ta tsallaka ta daki na biyu, ta taho a hankali kamar mai jin kunya, ta sumbaci baƙa. Baƙa ta mirgina, ta tsaya a bakin rami kamar za ta fasa, sannan ta faɗa.

Abin da ya biyo baya Nohemí ba ta iya tuna shi a jere ba. Ta tuna hon ɗin motoci, ta tuna mai furanni ta rungume ta har ƙafarta ta bar ƙasa, ta tuna Don Gildardo ya cire gilashi ya goge ya mayar ya miƙo mata hannu. Don Arcesio ya fita dandali da sandarsa a sama yana taka rawa, mutum mai shekara saba'in da tara, yara na binsa. Sai da ya zagaya maɓuɓɓugar ruwa sau ɗaya sannan ya zauna a bakinta, leɓɓansa sun yi duhu, yana dariya ba sauti. Ta zauna kusa da shi ta ce ya sha maganinsa. Ya sha, ya ce saura 'yan Cardona, wa da ƙani, samari masu hannu kamar inji, ran Lahadi ta sama.

Laraba da rana ya kira ta gidansa. Ya share teburin cin abinci, ya baza lemon tsami goma sha ɗaya a kai, ya sa ƙwai ɗaya a matsayin fara. Ya kwana biyu yana nazarin 'yan Cardona, ya ce ya gano lagonsu: babban yana gaggawa in an bar masa ƙwallo mai sauƙi, ƙaramin kuma ba ya son bugun nesa. Yana ta tura lemo da cokali, yana magana da sauri, idanunsa na ƙyalli. A tsakiyar bayani ya ce Wilmar ya sake bugowa da safe.

"Me ka ce masa?"

"Na ce ya zo ran Lahadi ya kalli wasa, sai in faɗa masa. Ni kaina ran nan zan sani."

Nohemí ta jiyo ƙaurin wakenta ta kan katanga. Ta ce ya riƙe maganar, tana zuwa. Ta sauke tukunya, ta ƙara ruwa, ta rage wuta. Ba ta fi minti biyar ba.

Da ta dawo yana nan zaune inda ta bar shi, haɓarsa a kan ƙirji, lemo ɗaya a hannunsa na dama. Ta ɗauka tunani yake yi, har ta ja kujera ta ce to ya ci gaba. Sai ta lura cokalin ya faɗi ƙasa. Ta kira sunansa sau biyu, ta taɓa wuyansa, da sauran ɗumi. Ta fita ta kira mutane. Likitan da ya zo ya ce bai ji zafi ba, zuciyar ce ta tsaya cak.

Luz Dary ta iso washegari da idanu a kumbure. Ran Juma'a aka yi jana'iza, direbobin jif suka bi gawar a jere tun daga coci har maƙabarta, suna danna hon a kowace kwana. Da aka dawo Nohemí ta ɗauko jakar fata ta kai wa 'yar. Ta ce aro ya ba ta, bai taɓa cewa kyauta ba, kuma akwai wani mutumin Pereira da zai zo jin amsa ran Lahadi. Luz Dary ta karɓa ta ajiye kusa da ɗaya sandar, hankalinta na kan masu gaisuwa.

Asabar da safe Don Gildardo ya zo wajen murhunta, abin da bai taɓa yi ba. Ya sayi waina biyu, ya tsaya yana juya su a hannu. Ya ce ya yi magana da mai shago da 'yan Cardona, sun yarda shi ya maye gurbin mamaci, in ita ta yarda. Ta ce ba ta da zuciyar wasa, kuma ba ta da sanda.

"Doña Nohemí, mutumin nan ya hana ni sakat shekara arba'in. In aka ba wa yaran nan kofin gasa ba tare da an buga ba, ba zai bar ni in yi barci ba. Na riga na je wajen 'yarsa."

Ran Lahadi Luz Dary da kanta ta shigo shagon ɗauke da sanduna biyu. Ta miƙa wa Don Gildardo mai nauyin, ta miƙa wa Nohemí baƙar. Jama'a sun ninka na ran Asabar, har limamin coci ya tsaya a ƙofa wai wucewa yake yi. Wilmar na zaune a gaba da malfarsa a gwiwa. Mai shago ya ce a yi shiru na minti ɗaya, ba a kai rabin minti ba wani direba ya ce da Arcesio na nan da tuni ya yi magana, aka fashe da dariya, aka fara wasa.

Nohemí ta shiga da nauyin ƙirji, amma da ta jefa ƙwallon farko sai abin ya sake ta. Ta bar wa babban Cardona ƙwallo mai sauƙi, ya yi gaggawa ya kuskure. Ta bar wa ƙaramin bugun nesa, ya yi ta shafa alli yana zufa. Suka ci wasa na farko, dandali ya ɗauki hon. Samarin suka farfaɗo suka ci biyu a jere. A na huɗu ta share ƙwallo shida ba tsayawa, matan kasuwa suna ƙirga mata da baki ɗaya, ta rama. Ta ji kanta tana dariya, hawaye na zuba, ba ta tsaya share su ba.

A wasan ƙarshe baƙar ƙwallo ta faɗo a kan bugun Don Gildardo. Bugu ne da ya yi sau dubu. Ya sunkuya da sandar abokin hamayyarsa, ya daidaita, sai gilashinsa ya yi hazo. Ya ɗago ya goge, ya sake sunkuyawa, ya buga. Baƙa ta daki leɓen rami ta tsaya. Ƙaramin Cardona ya ture ta da bugu ɗaya.

Don Gildardo ya dubi sandar da ke hannunsa.

"Ko bayan ransa," ya ce, "sai da ya ga bayana."

Shago ya kece da dariya da tafi, har 'yan Cardona. Aka ba samarin kofin gasa, aka ba na biyu injin markaɗe, Don Gildardo ya ce shi ba ya girki, ya ɗora mata a hannu. Direbobi suka so su ɗaga ta sama, ta ce wanda ya taɓa ta ba shi ba waina har abada.

Da hayaniya ta lafa Wilmar ya matso wajen Luz Dary, ya yi mata ta'aziyya, sannan ya ce marigayi ya yi masa alkawarin amsa yau. Nohemí ta riga ta mayar da sandar cikin jaka, ta miƙa, ta kau da kai tana gyara kwalin injin markaɗe da ba ya buƙatar gyara.

Luz Dary ta riƙe jakar tana juyawa. Ta ce ran Asabar ɗin makon jiya babanta ya kira ta ya yi awa guda yana magana. Bai tambayi jikokinsa ba, bai yi mitar Cali ba, bugun bango biyu kawai yake ta kwatanta mata, har da inda kowace ƙwallo take. Ta ce rabon da ta ji muryarsa haka tun mahaifiyarta na da rai.

"Yi haƙuri, ka sha hanya," ta ce wa Wilmar. "Baba bai yanke ba, ni na yanke." Ta juya ta ɗora jakar a kan kwalin da ke hannun Nohemí. "Riƙe, maƙwabciya. Ba aro ba ne."

Nohemí ta rungume jakar da kwalin a ƙirjinta. Wilmar ya sa malfarsa, ya ce da ma tun ran farko ya ga alama, ya roƙi a ba shi waina biyu ya ci a mota.

Litinin da safe Luz Dary ta kulle gidan ta bar mata makulli ta kama hanyar Cali. Wajen la'asar hadari ya taso daga kan duwatsu. Nohemí ta fita kwashe shanyarta, sai ta hango ta kan katanga wata farar riga a igiyar gidan Don Arcesio, wadda ba wanda ya lura da ita duk kwanakin nan. Ta ɗauki makulli ta zagaya. Rigar ta bushe ƙayau, an ɓalla maɓallanta har wuya. Ta cire ta daga igiya, ta tsaya a ƙarƙashin rumfa tana ninke ta a kan hannunta, ɗigon farko na sauka a kan kwano.